Kwallin Kaka Tabawa Ya Ƙetare Iyaka

Tun da na dawo daga Maraɗi ba ku bar ni na huta ba. A ofis tambaya, a waya tambaya, har mai sharar ɗakin gwajinmu ta tsare ni a bakin famfo tana son jin dalilin da ya sa ni Hauwa'u, da ko hoda ba ta dame ni ba, na dawo da kwalli raɗau a ido. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, kowa ya karanta ya shafa mini lafiya. Wanda ya sake tambayata, wankin kwalabe na mako guda yana jiransa.

Ga abin da ya kai ni. Shekara biyu na yi ina toya wani baƙin gari a tanderun ɗakin gwaji. Haɗi ne na iridiyam, wani ƙarfe da ya fi zinariya wuyar samu, da sodiyam da ɗan lithiyam da iskar oksijin. Malamina ne ya ba ni ragowar iridiyam ɗin da yake ɓoyo, bai cika cokalin shayi ba, ya ce in na ƙarar da shi kada in dawo masa da kuka. Aikin yana son tanderu ya kwana uku yana ci ba tsayawa, ku kuwa kun san halin wutarmu. Sau tara ana ɗauke ta a tsakiyar aiki. A karo na goma ya fito yadda nake so, baƙi wuluk, yana ƙyalli. Muka zuba shi a wata siririyar kwalba mai tsawon ɗan yatsa, muka narke bakinta da wuta ya liƙe, domin in iska da laima suka taɓa shi ya lalace. Ba ta da marfi, mai son buɗe ta sai ya fasa.

Ba mu da na'urar da za ta auna shi a irin sanyin da ake buƙata. Sai Allah ya kawo Dakta Isufu, wani ɗan Maraɗi da ke aiki a wani ɗakin gwaji a Turai, ya zo hutu gida. Ya ce in na kai masa kwalbar kafin ya hau motar Yamai ranar Alhamis da safe, zai tafi da ita ya auna mini. Digirina na uku yana cikin kwalbar nan, kuma babu ta biyu. Na naɗe ta da auduga na sa a jakar kayan shafata, don a nan ne babu abin da zai danne ta.

Ranar Talata na isa tashar Katsina da hantsi. Motar Jibiya an yi ta don mutum biyar ne, muka shige mu tara, ban da akuyar da aka cusa a baya. Wata 'yar kasuwa da ke gefena ta ga yadda na rungume ƙaramar jaka a ƙirji, ta ce, "'Yar nan, in sarƙar gwal ce ki sassauta riƙo, wanga riƙo shi ke kiran ɓarawo." Na ce magani ne. Sai ta shiga ba ni labarin ciwon gwiwarta tun daga haihuwar fari, ba ta gama ba har muka shiga Jibiya. Da na sauko na tarar akuya ta leƙo ta bayan kujera ta cinye mini gefen mayafi, wajen faɗin tafin hannu.

Iyayena duka 'yan ƙasar Jibiya ne, amma rabona da garin shekara huɗu, kuma ba na alfahari da hakan. Kawu Sale, wan mahaifiyata, shi kaɗai na yi wa waya. Kuskurena ke nan na farko, domin Kawu ba ya iya riƙe labari ko na minti biyar. Mutum uku na tarar suna jirana a tasha: shi Kawu Sale na Bugaje, da Gwaggo Hasiya ƙanwar mahaifina ta Riko, da Kaka Tabawa ta Daddara, wadda ta haifi mahaifiyata. Dukansu sun dawo cikin gari tun shekarun da zaman ƙauye ya yi wuya, amma har yau da sunan ƙauyensu ake kiransu.

A danginmu, wanda ya ɗauki kayan baƙo shi ne mai masauki. Kafin in gama durƙusawa in gaishe su, Kawu ya riga ya ɗora babbar jakata a kan mashin ɗinsa. Gwaggo ta cafke ledar tsaraba.

"Ɗiyar ƙanena ce," in ji Gwaggo, ko da yake mahaifina ya girme ta da shekara shida. "Gidan ubanta za ta sauka."

"Ni ta yi wa waya," in ji Kawu.

Kaka kuwa ta matso kusa da ni. Ta miƙo hannu ta zare ƙaramar jakar daga ƙirjina, ta saƙale a hammata, ta juya ta kama hanya. Na bi ta a guje. Haka aka raba ni uku: abincin rana a gidan Gwaggo, na yamma a gidan Kawu, kwana a ɗakin Kaka. Gwaggo ta dama mini fura ta haɗa da dambun zogale. Kawu ya sa aka tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, man shanu yana yawo a kai. Kowane gida sai an tambaye ni me na ci a wancan, in na rage loma ɗaya a ce na can ya fi mini daɗi. Da na isa wurin Kaka ko numfashi da ƙyar, sai ga ɗanwake. Na ci, don ba ni da wata mafita.

Ban gaya wa kowa abin da ke cikin jakar ba, wannan ne kuskurena na biyu. A raina na ce ba za su gane ba, in ma na faɗa sai kowa ya ce a nuna masa.

Da safiyar Laraba na fito daga wanka na tarar Kaka tana ta fara'a, abin da ba ta saba yi mini ba, don ni da ita kullum cikin tsokanar jika da kaka muke.

"Kuluwa," ta ce, "ashe kina tunawa da ni. Allah shi yi miki albarka."

Na ce amin, na ɗauka sabulu da turmin atamfar da na kawo mata take nufi. Na leƙa jaka, na ga ƙullin auduga yana nan inda na sa shi, na rataya na fita.

Daga gari zuwa Magama, inda iyakar take, ba nisa. Manyan motoci sun yi layi, masu canjin kuɗi suna bin mutane suna kiran sefa, masu mashin suna rige-rigen fasinja. Da yake ni mai bin doka ce, na nufi teburin kwastan da kaina da takardar da jami'armu ta ba ni. Jami'in da na samu wani dattijo ne mai furfura a gashin baki. Ya karanta takardar sau biyu, ya cire tabarau.

"Malama, Turancin nan ya fi ƙarfina. Ki gaya mini da Hausa, mene ne wannan abu, kuma me yake yi?"

Wallahi ban taɓa bayyana aikina da Hausa ba sai ranar. Na ce, "Yallaɓai, ka san saƙar zuma, yadda gidajenta suke mai kusurwa shida-shida? To a cikin baƙin garin da na kawo haka ƙwayoyin iridiyam suke jere, kowace a kan kusurwa, kowace kuma ɗan ƙaramin maganaɗisu ce mai nuna wani sashe. A maganaɗisu na yau da kullum, in aka sanyaya shi sai ƙwayoyin su daidaita su fuskanci wuri ɗaya, kamar sahun salla. Amma a nan kowace ƙwaya tana da maƙwabta uku. Ɗaya yana so su daidaita ta gabas da yamma, ɗaya ta kudu da arewa, na uku ta sama da ƙasa. In ta bi ɗaya ta saɓa wa biyu. Mu muna kiran wannan hali takaicin maganaɗisu."

"To ƙarshe wa take bi?"

"Abin da nake nema ke nan. Lissafi ya nuna in ƙarfin ukun ya zo daidai wa daida, ba za ta bi kowa ba, ko an kai ta ƙarshen sanyi. Ba za su taɓa yin sahu ba, sai dai su kasance a sarƙe da juna, motsin wannan yana ɗaure da na waccan. Wannan shi muke kira ruwan kwantam, ba don yana jiƙa hannu ba, sai don ya ƙi daskarewa. Irin garin da aka saba yi, a ƙarshe yana gajiya ya yi sahu mai lanƙwasa. Ni na sauya haɗin kaɗan in ga ko nawa zai fi daɗewa yana gardama."

Sai na ba shi labarin Kawu da Gwaggo da Kaka da abinci uku. Ya yi dariya har da buga tebur.

"Yanzu na gane! Ai ni ma haka nake duk Salla. To nuna mini shi in gani, ba zan buɗe ba."

Na ciro ƙullin audugar cikin girmamawa, na warware a gabansa. Sai ga leda. Na warware ledar. Wari ya bugi hancinmu gaba ɗaya.

Daddawa ce, guda uku, 'yan Daddara.

Jami'in ya sunkuya ya shinshina, ya dube ni, ya dubi takardar jami'a mai hatimi. "Malama," ya ce a hankali, "wannan sinadarin ai mu ma muna da shi a gida."

Ni ko dariyar ba ta zo mini ba. Nan take na gane albarkar da aka sa mini da safe. Baƙin abu mai ƙyalli, a 'yar kwalba, a cikin jakar kayan shafa: Kaka ta ɗauka kwalli na kawo mata. Jakar jika kuwa ba a neman izini kafin kaka ta bincike ta, ta ɗauki abin da ya yi mata, ta bar tukwici a gurbinsa. Kuma na san abin da ake yi wa ɗanyen kwalli, a kan dutse ake niƙa shi.

"Innalillahi! Yallaɓai, za ta fasa!"

Allah ya saka wa mutumin nan da alheri. Bai tsaya tambaya ba, ya ƙwala wa wani mai mashin kira, ya ce ya kai ni cikin gari ya dawo da ni. Kaka ba ta riƙe waya. Na kira Kawu sau huɗu bai ɗauka ba. Duk hanya ina salati, ina lissafin awa biyu da rabi da na bar gidan, ina ganin shekara biyu na niƙe a kan dutse an shafa a ido.

Tun daga zaure na jiyo muryoyi. Na faɗa tsakar gida ko sallama ban gama ba. Ga Kaka a kan tabarma, ga dutsen niƙan kwalli a gabanta. Ga Gwaggo ta ɗaure gyale a ƙugu. Ga Kawu a kan kujera 'yar tsuguno, waya tana ta haske a aljihunsa. A tsakiyarsu, a kan faifai, ga kwalbata lafiya lau.

Ashe da na fita Kaka ta nemi bakin kwalbar ta rasa. Ta aika a kira Kawu ya fasa mata. Kawu, wanda ba ya zuwa masallacin Juma'a sai da kwalli, ya ce irin wannan na ƙasar waje ne, kuma tunda shi aka yi wa waya yana da kashi a ciki. Labari ya kai wa Gwaggo, ta zo ta ce tsarabar 'ya ta dangin uba ce, in za a fasa a gidanta za a fasa. Kaka ta ce a ɗakinta aka kwana, ba mai taɓa mata. Duk wanda ya miƙa hannu sai biyu su riƙe shi. Tun hantsi suke nan, ba wanda ya ci nasara.

Na durƙusa na ɗauke kwalbar da hannu biyu, na duba ta a rana, ko tsagewa babu. Sai hawaye, ina kuka ina dariya. Suka yi tsuru-tsuru suna kallona. Na zauna na yi musu bayanin da ya kamata in yi tun jiya, tun daga tanderu har motar Yamai. Kawu ya ce ai shi tun farko ya ga alama. Gwaggo ta ce ƙarya yake yi, muka kwashe da dariya.

Kaka ce ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon dutsen niƙanta.

"Ashe ba nawa ba ne," ta ce. "Na riga na gaya wa maƙwabta jikata ta kawo mini kwallin Turai. Ashe hanya ce ta biyo da ke ta ƙohwata."

Maganar nan ta soke ni, domin gaskiya ce. Ba don Dakta Isufu yana Maraɗi ba, da ban zo Jibiya ba bana ma. Na ce ta yafe mini.

Ta miƙo hannu. Na yi jinkiri, sannan na ba ta kwalbar. Ta kama gefen tsohon zanenta ta yage ƙyalle, ta naɗe kwalbar tsaf, ta ƙulle, ta cusa a lalitarta ta ɗaure a ƙugu.

"Ke da akuya ta ci wa mayahi ba a ba ki ajiya. Tashi mu tahi. Ni zan kai wa wanga mutum da hannuna, in ga ko ya cancanta."

Haka muka koma Magama mu biyu a bayan mashin ɗaya, ita a tsakiya. Jami'in kwastan ya miƙe tsaye ya gaishe ta. Ta kwance lalita ta nuna masa kwalbar daga nesa, ba ta yarda ya taɓa ba. Ya buga hatimi, ya ce daddawar fa, a bar masa? Kaka ta ce ya riƙe, amma ya gaya wa matarsa ta Daddara ce, kada ta zuba da yawa.

Da muka ƙetare sai na zama ni ce baƙuwa. Ashe a Ɗan Isa, garin farko bayan iyaka, aka haifi Kaka, ban taɓa sani ba. A can kwastan duwan ne, jami'in tsaron hanya jandarma, mai mashin kuma kabu-kabu. Hausa ɗaya muke yi da su, amma da zarar za a faɗi lambar waya sai a juye Faransanci, bibbiyu-bibbiyu, in tsaya ina zare ido. Jandarman da ya karɓi katin Kaka bai gama dubawa ba ta tambaye shi ɗan gidan wa ne. Kafin ya miƙo mata katin ta gano da kakarsa suka yi tallan fura suna 'yan mata. Ya raka mu har mota, ya sa aka ba ta gidan gaba ita kaɗai. Ni da digiri biyu aka tura ni baya tare da buhunan albasa.

Mun shiga Maraɗi bayan la'asar. Dakta Isufu ya tarbe mu a gidan iyayensa, wani siriri mai sanyin magana. Na ƙagu in miƙa kaya in huta, amma a can ba a maganar abin da ya kawo ka sai an sha shayi, kuma shayin ba kofi ɗaya ba ne irin namu. Sau uku ake dafa shi a 'yar buta a kan gawayi, na farko ɗaci kamar maɗaci, na ƙarshe zaƙi. Aka kawo wani dogon burodi mai tauri, Kaka ta ƙwanƙwasa shi a tabarma ta ce a ajiye mata, za ta dogara shi zuwa gida.

Sai da aka sha na uku ta kwance lalita. Ba ta miƙa ba tukuna.

"Kai ne za ka kai shi cikin sanyi?"

"Ni ne, Iya."

"In ya yi sahu, ɗiyar nan ta hwaɗi jarrabawa ke nan?"

Dakta ya yi murmushi. "A'a, Iya. Ko ya yi ko bai yi ba, in dai an auna an san gaskiya, ta ci. Abin da zai kayar da ita shi ne kwalbar ta fashe a hanya."

"To kada ka kwance ƙyallen nan sai ka isa. Ƙullina bai taɓa zubar da komi ba."

Ya karɓa da hannu biyu, har da ɗan russunawa. A lokacin ne na ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗata, na ji yunwa ta gaske karo na farko a kwana biyu.

Mun kwana gidan wata ƙawar Kaka a tsohuwar unguwa, ba wanda ya yi jayayya a kaina. Da safe na ja Kaka kasuwa, muka zagaya rumfunan masu kwalli tana taɓawa tana kushewa, har ta sami wanda ya yi mata. Na saya mata, da na Kawu da na Gwaggo, kowa ƙullinsa dabam don a zauna lafiya. A nan bakin rumfar ta kama haɓata ta ce in buɗe ido, ta zizara mini. Wannan ne kwallin da kuka gani. Da muka dawo Jibiya na yi kwana huɗu a ɗakinta, ban je ko'ina ba sai gaisuwa.

Sakamakon awo bai fito ba tukuna, masu tambaya ku ƙara haƙuri. Amma makon jiya Dakta Isufu ya turo mini hoto. Ga wata ƙatuwar na'ura ta ƙarfe, bututu ko'ina, tana fitar da farin tururi. A kan teburin gabanta ga kwalbata ba ko ƙwarzane, kwance a kan ƙyallen atamfa shuɗi mai zanen ganye, duk ya koɗe. Na tura wa Kawu ya kai wa Kaka, na ce ya kira ni in ji abin da za ta ce.

Ya ce ta daɗe tana kallo, ta sa ya ƙara girman hoton sau biyu. Sannan na jiyo muryarta daga nesa, don har yau ba ta yarda waya tana ji in ba a ɗaga murya ba.

"Kuluwa! Kin gani? Zanena ya riga ni shiga jirgi! Ki gaya wa yaron nan in ya gama ya maido mini abina. Ke kuma za ki kawo shi, da ƙahwarki."